Farfaɗo da Tsohon Wasan Dabara na Kwamfuta: Darasi Daga Age of Empires II

Gabatarwa

A shekarar 1999 ne kamfanin Microsoft ya fitar da wani wasan kwamfuta mai suna Age of Empires II, wanda ma'aikatan Ensemble Studios na birnin Dallas a Amurka suka tsara. Bisa al'adar wannan sana'a, wasan da ya shekara biyar a kasuwa ya tsufa, wanda ya shekara goma kuwa sai dai a ba da labarinsa. Amma ga shi yau, fiye da shekara ashirin da biyar bayan fitowarsa, dubban mutane na fafatawa a cikinsa kowace rana, har da matasan da ba a haifa ba lokacin da aka fara sayar da shi. An rufe Ensemble Studios tun 2009, kwamfutocin da aka yi wasan dominsu sun zama tarkace, shi kuwa yana nan da ransa.

Yawancin takwarorinsa ba su yi irin wannan sa'a ba. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka sayar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Matsalar mai son raya tsohon wasa ta yi kama ƙwarai da ta masanin halitta mai son ceto wani tsiro da ke gab da ƙarewa, domin tambayoyinsu guda ne: ina irin yake, a wane muhalli zai tsira, kuma su wa za su ci gaba da yaɗa shi? A kan waɗannan tambayoyi uku aka gina wannan darasi.

Yadda Wasan Yake

Wasan dabara shi ne wanda nasara a cikinsa ta dogara ga tsari da hangen nesa. A irin wanda ake magana a kai, ba a jiran abokin karawa ya yi nasa motsi kamar yadda ake yi a dara. Kowa na aiki a lokaci guda, agogo kuma ba ya tsayawa. Wasan Dune II na kamfanin Westwood, wanda ya fito a 1992, shi ake ɗauka a matsayin wanda ya aza harsashin wannan salo.

A Age of Empires II, ɗan wasa kan fara da 'yan talakawa ƙalilan da gini ɗaya a tsakiyar dajin da bai sani ba. Aikinsa shi ne ya tara abubuwa huɗu, wato abinci da itace da zinariya da dutse, ya gina gari, ya horar da mayaƙa, ya ratsa zamani huɗu na cigaba, sa'an nan ya rinjayi abokan gabarsa. Mutum takwas na iya karawa a fage ɗaya. Da farko al'ummu 13 ne ake zaɓa daga cikinsu, kamar Farisawa da Sinawa da Turkawa da Mongolawa, kowace da abin da ta fi ƙwarewa a kai. Ƙarin da aka yi wa wasan a shekarar 2000, mai suna The Conquerors, ya kawo wasu biyar.

Me Ke Kashe Wasan Kwamfuta?

Dara ba ta mutuwa, domin dokokinta suna cikin kawunan mutane, kayan aikinta kuwa gurabe ne a ƙasa da 'yan tsinkaye da tsakuwoyi. Wasan kwamfuta ba haka yake ba. An tsara shi ne domin wata irin na'ura da wata babbar manhaja ta wani zamani, kamar yadda halittar kifi ta dace da ruwa. Idan wannan muhalli ya sauya, wasan kan shiga halin da dabbar dawa ke shiga bayan an sare dajin da take zaune.

Misali na farko shi ne launi. An zana Age of Empires II da launi 256 kacal, alhali kwamfutar yau na nuna fiye da miliyan 16. Da aka zo zamanin Windows Vista da Windows 7, sai babbar manhajar ta riƙa yi wa jerin launukan wasan katsalandan, ciyawa ta yi jaja-jaja, ruwan teku ya koma shunayya. Misali na biyu shi ne girman hoto. Hoton da ke fuskar kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne. Wasan ya saba da fuska mai ɗigo 800 a kwance da 600 a tsaye, jimla 480,000 ke nan. Fuskar zamani da ake kira 4K tana da 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, wato ɗigo 8,294,400, ninki goma sha bakwai da 'yan kai. Idan aka miƙe tsohon hoto ya cika wannan fili sai ya dushe, idan kuwa aka bar shi yadda yake sai sojan doki ya koma kamar tururuwa.

Misali na uku shi ne dandali. A shekarun farko, masu wasan kan haɗu ta intanet a wani zaure na Microsoft mai suna MSN Gaming Zone. A 2006 aka rufe wa irin waɗannan wasanni ƙofar wannan zaure. Bugu da ƙari, a kan faifan CD aka sayar da wasan, yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka na yau kuwa ba su da wurin sa faifai.

Iri da Ma'ajiyarsa

Masu tsara manhaja kan rubuta umarninsu a wani harshe da ɗan Adam ke iya karantawa ya gyara. Wannan shi ne rubutun asali. Daga nan sai wata manhaja ta juya shi zuwa harshen na'ura, wanda jerin lambobi ne zalla, kuma wannan juyayyen shi ake sayarwa. Matsayin rubutun asali ga wasa kamar matsayin sinadarin DNA ne ga mai rai: a cikinsa aka ajiye bayanin yadda za a gina komai. Wanda ya riƙe faifan kasuwa kaɗai, yana son ya gano yadda aka tsara wasan, ya yi kama da wanda aka ba shi dafaffiyar miya aka ce ya faɗi yawan daddawa da gishirin da aka sa. Abu ne mai yiwuwa, amma sai an sha wuya.

Samun iri kaɗai bai wadatar ba. A shekarun 1960 masu haƙar kayan tarihi suka tono ƙwallayen dabino a Masada, kusa da Tekun Gishiri, waɗanda suka kai kimanin shekara 2,000. A 2005 aka shuka su, ɗaya ya tsira. Sai dai da ya girma aka tarar namiji ne, kuma kamar yadda kowane mai gonar dabino ya sani, namiji ba ya 'ya'ya. Sai da aka tsirar da mata daga wasu tsofaffin ƙwallaye, aka barbara su da garin furensa, kafin a ci dabinon a 2020. Haka wasan da aka yi domin mutane su kara da juna yake: ko an tayar da shi a kwamfuta ɗaya, bai rayu ba sai ya sami jama'a.

Hanyoyi Uku na Farfaɗowa

Hanya ta farko ita ce kwaikwayon muhalli. A nan ba a taɓa wasan ko kaɗan, sai dai a rubuta wata manhaja da za ta sa sabuwar kwamfuta ta yi shigar tsohuwa, har wasan ya zaci yana gidansu. Manhajar DOSBox, wadda ta fito a 2002, ita ce fitacciya wajen wannan aiki. Wannan tamkar gidan ajiye namun daji ne: dabbar na raye, amma a cikin keji, da dukan tsofaffin halayenta da nakasunta.

Hanya ta biyu ita ce sake gini daga tushe. Masu sha'awa kan zauna su nazarci yadda wasan ke aiki, su rubuta sabon inji mai bin dokokinsa. Ta haka aka sami OpenTTD a 2004, wanda ya gaji wasan sufuri na Transport Tycoon Deluxe, da kuma OpenRA, wanda ya gaji wasannin yaƙi na kamfanin Westwood.

Hanya ta uku ita ce sabuntawa daga rubutun asali, kuma mai haƙƙin mallaka ne kaɗai ke iya bin ta, ko wanda ya ba izini. A nan ana ɗaukar tsohon rubutun, a gyara sassan da ke hulɗa da fuska da sauti da intanet, a sake zane-zane, a bar dokokin wasan. Wannan ce hanyar da aka bi da Age of Empires II, bayan jama'arsa sun riƙe shi shekara da shekaru.

Daga 1999 Zuwa 2019

Bayan an rufe zauren Microsoft, masu wasan ba su watse ba. Sun yi ƙaura zuwa wasu zauruka masu zaman kansu, irin su Voobly da GameRanger. Wasu daga cikinsu da suka san aikin manhaja suka yi wa wasan wani faci mai suna UserPatch, wanda ya magance matsalar launi, ya sa hoto ya dace da faffaɗar fuska. A ƙarshen 2012 wata ƙungiyar masoya ta fitar da ƙari na kyauta mai suna Forgotten Empires, da sababbin al'ummu biyar.

A watan Afrilu na 2013 Microsoft ya sake fitar da wasan a kasuwar intanet ta Steam da sunan HD Edition, aikin da kamfanin Hidden Path Entertainment ya yi. Maimakon ya kai waɗancan masoya ƙara, sai ya jawo su jiki, aikinsu ya zama ƙari na hukuma a ƙarshen wannan shekara, su kuma suka zama kamfani. A 2015 suka fitar da The African Kingdoms, wanda ya shigo da mutanen Mali da Habashawa da Barbar da Fotugis, har da jerin yaƙe-yaƙe a kan tarihin Sundiata, wanda ya kafa daular Mali. A 2016 aka ƙara al'ummu huɗu na kudu maso gabashin Asiya.

Ran 14 ga Nuwamba, 2019, aka fitar da Definitive Edition, mai al'ummu 35. An sake zana kowane gini da kowane soja domin fuskar 4K, an sake ɗaukar sautin kiɗan. An kuma rage wahalhalun da ba su da alaƙa da dabara. Alal misali, gonar da ta ƙare tana iya sake shuka kanta ba sai ɗan wasa ya koma ya ba da umarni ba, kuma yawan mayaƙan da ake iya zaɓa a lokaci guda ya tashi daga 40 zuwa 60. A tsohon wasan, idan mutum ya kara da kwamfuta a mataki mafi tsanani, a ɓoye ake ƙara mata dukiya don ta yi ƙarfi. Sabuwar basirar da aka rubuta mata tana bin dokokin da ɗan Adam ke bi. Daga baya wasan ya isa na'urar Xbox a 2023, da PlayStation 5 a 2025.

Abin da Ba a Taɓawa

Duk da waɗannan sauye-sauye, wanda ya bar wasan a 2001 ya dawo yau zai tarar hannunsa bai manta ba. Dalili kuwa shi ne an kiyaye zuciyar wasan, wato daidaiton da ke tsakanin mayaƙa. Masu māshi na cin mahayan doki, mahayan doki na cin maharba, maharba kuma na cin masu māshi. Babu rundunar da ta fi kowa, saboda haka dole ɗan wasa ya aika ɗan leƙen asiri ya ga abin da abokin karawarsa ke tarawa kafin ya yanke shawara.

Masana halitta sun san irin wannan zagaye. A 1996 Barry Sinervo da Curtis Lively suka wallafa bincike a mujallar Nature a kan wani ƙaramin ƙadangare na jihar Kalifoniya mai suna Uta stansburiana. Mazansa iri uku ne, ana gane su ta launin maƙogwaro. Mai ruwan lemo mafaɗaci ne, yana mamaye fili mai faɗi da mata da yawa, yana ƙwace na mai shuɗi. Mai shuɗi ƙaramin fili yake riƙewa, yana tsare matarsa sosai, don haka mai rawaya ba ya samun kansa. Mai rawaya kuwa ba shi da fili, kamanninsa na mace ne, sai ya saci jiki ya shiga filin mai ruwan lemo, wanda ya yi masa faɗin da ba zai iya tsarewa ba. Duk irin da ya yawaita, sai ya buɗe ƙofa ga wanda ke cin sa, rinjaye ya yi ta zagayawa a cikin 'yan shekaru ba tare da ɗaya ya shafe sauran ba.

Da za a ƙara wa ɗaya daga cikin ƙadangarun nan ƙarfin da zai ci sauran biyu, da zagayen ya tsaya, iri ɗaya ya rage. Haka ma wasan. Idan mai sabuntawa ya ƙara wa mahayan doki ƙarfi fiye da kima, kowa zai koma tara dawaki, dabara ta ƙare. Shi ya sa masu kula da wasan ke bin alƙaluman dubban karawa, suna duba wace al'umma ke yawan nasara, sa'an nan su yi gyara kaɗan-kaɗan, kamar rage farashin wani soja ko ƙara daƙiƙoƙin horar da wani.

Maharba 1,500 a Kan Wayar Tarho

Akwai wani dalili na fasaha da ya sa taɓa dokokin ke da haɗari. A 2001 biyu daga cikin injiniyoyin Ensemble, Paul Bettner da Mark Terrano, suka bayyana yadda suka sa mutum takwas ke wasa tare ta layin tarho mai ɗaukar ƙwayar bayani 28,800 kacal a daƙiƙa. Da a ce kowace kwamfuta za ta riƙa aika wa sauran matsayin kowane soja, da layin ya cika da soja 250 kawai. Sai suka yi dabara: umarnin 'yan wasa kaɗai ake aikawa, kowace kwamfuta kuma ta lissafa sakamakon da kanta. An yanka lokaci gunduwa-gunduwa, kowace kimanin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, umarnin da aka bayar yanzu kuma sai bayan gunduwa biyu ake zartar da shi, domin ya isa ga kowa.

Sharaɗin wannan tsari shi ne lissafin dukan kwamfutocin ya zo daidai, ba bambanci ko na ƙwayar zarra. Hatta abin da ake gani kamar sa'a ce, irin ko kibiya za ta sami mutum ko ta kuskure, daga lamba guda da aka raba wa kowa tun farko ake fitar da shi. Injiniyoyin sun ba da misali da barewa: idan matsayinta ya ɗan goce a kwamfuta ɗaya, za ta yi kiwo ta wata fuska dabam, bayan 'yan mintoci maharbin da ya bi ta ya dawo da nama a wata kwamfuta, a wata kuwa ya dawo hannu rabbana, daga nan duniyoyin biyu sun rabu ke nan. Wannan ya yi kama da sauyin harafi ɗaya a DNA na ƙwayar halittar farko, wanda kan bi dukan ƙwayoyin da suka tsage daga gare ta. Saboda haka mai gyara tsohon rubutu dole ya yi taka-tsantsan irin na likitan fiɗa. A sabuntawar 2019 an sa kwamfutocin tsakiya na kamfani su riƙa karɓar umarni suna rarrabawa, maimakon 'yan wasa su haɗa layi kai tsaye da juna, abin da ya rage yankewar wasa.

Garin Neman Gira

Kwatanta wasu ayyuka biyu na kamfanin Blizzard zai ƙara fito da darasin. Wasan StarCraft na 1998 ya zama sana'a a Koriya ta Kudu, inda aka riƙa nuna gasarsa a talabijin. Da aka sabunta shi a 2017, an sake hoto da sauti, amma an bar dokar da ta hana zaɓar soja fiye da 12 a lokaci guda, an bar har da yadda wasu mayaƙa ke ruɗewa wajen neman hanya, domin ƙwararru sun shafe shekaru suna gina gwanintarsu a kan waɗannan nakasu. Da maɓalli ɗaya ake komawa tsohon hoto, kuma mai tsohon wasa na iya karawa da mai sabo.

A Janairun 2020 kuwa kamfanin ya fitar da Warcraft III: Reforged. Sabon ya maye gurbin tsohon da ke hannun jama'a a intanet, ya zo babu wasu abubuwan da aka saba da su, kamar ƙungiyoyin 'yan wasa da jadawalin matsayi. Masoya suka yi tir da shi, har kamfanin ya riƙa mayar wa mutane kuɗinsu. Abin nan da Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.

Kamfanin Electronic Arts ya bi wata hanya da Command & Conquer Remastered Collection a watan Yuni na 2020: ya ba tsofaffin ma'aikatan Westwood da ke kamfanin Petroglyph aikin, ya kuma saki wani sashe na rubutun asalin ga kowa da kowa. A 2025 ya saki na wasu wasannin wannan zuriya. Wannan daidai yake da rarraba iri ga manoma da yawa maimakon tara shi a rumbu ɗaya da gobara ɗaya za ta iya cinyewa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai karatu zai lura cewa farfaɗo da tsohon wasa aiki ne na rarrabe abin da ke fata da abin da ke ƙashi. Hoto da sauti da hanyar sadarwa suna bin zamani, dole a sauya su. Dokoki da daidaito su ne gadon da ake kiyayewa. Jama'ar da suka riƙe Age of Empires II a shekarun da ba mai kula da shi, su ne suka sa aka sami abin farfaɗowa, har ta kai ga an yi babbar gasarsa a tsohuwar fadar Heidelberg ta Jamus a 2022. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wanda ya adana ta.

Darasin ya shafi duk wani ɗalibi ko mai bincike da ke aiki da kwamfuta. Bayanan gwaji da aka ajiye a kan faifai ɗaya, cikin tsarin da manhaja ɗaya tak ke iya buɗewa, suna fuskantar ƙaddarar waɗancan wasanni kashi 87. Kariyarsu ita ce a adana asalin rubutun tare da bayanin yadda aka yi shi, a ajiye kwafi a wurare dabam-dabam, a kuma koya wa wasu yadda ake amfani da shi.

Tambayoyin Bita

1. Wane bambanci ke tsakanin rubutun asali da harshen na'ura, kuma me ya sa ɓacewar na farko ke wahalar da mai sabuntawa?

2. Fuska mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye ta ninka mai 800 da 600 sau nawa?

3. Me zai faru da ƙadangarun Kalifoniya idan masu shuɗin maƙogwaro suka ƙare baki ɗaya? A kwatanta amsar da wasan da aka cire masa masu māshi.